Lofen Inna Laure

Rijiyar Sajo ba ta da nisa da Gumel. In iska ta taso daga kudu, mutum na zaune a ƙofar gidansa zai jiyo ƙugin injin niƙa na cikin gari. Hanyar Maigatari ta raba ƙauyen biyu, don haka kullum akwai motar da ta tsaya a tasha, direbobi na shan fura a gindin tsamiya kafin su ƙarasa bakin iyaka.

A bazarar da ta biyo bayan babban farin nan, shekarar da shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, wuta ta kama harawar Alhaji Rufa'i. Alhaji shi ne mai motoci a ƙauyen, yana kai goro da atamfa ƙasar Damagaram, ya dawo da kanwa da dabbobi. Harawar nan tun daga kudancin Kano ya yi ta jigilarta, ya tara ta a bayan gidansa don bijiman da yake kiwo. A shekarar, dami ɗaya na harawa ya fi rigar mutum daraja. Bayan azahar aka ga hayaƙi, kafin a ɗebo ruwa daga rijiyar da dama ta yi ƙasa, babu abin da ya rage sai toka.

Cikin masu kashe wutar ba wanda ya kai Ya'u zaƙewa. Ya'u ɗan dako ne a tasha, ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya cikin gidan wani ɗan uwansa. Irin mutanen nan ne da ake aike ba a gaishe su ba. Ranar ya ƙone hannu, gashin girarsa ya babbake, yana gudu da tulu yana waiwayen Alhaji ko zai gan shi. Alhaji bai gan shi ba.

Ba wanda ya san abin da ya tada wutar. Amma washegari da aka taru a ƙofar Maigari Hamma, Alhaji ya zo da amsarsa a baki.

“Ranka ya daɗe, taba ce,” in ji shi. “Garin nan kowa ya zama murhu. A kasuwa hayaƙi, a tasha hayaƙi, a bakin rijiya hayaƙi. Mutum ya zuƙa ya yar, ya wuce abinsa. Yau harawata ce, gobe rumbun wani ne, in ma akwai mai sauran abu a rumbu.”

Alhaji kansa ya daɗe yana shan sigari, sai da ya dawo daga Makka ya bari, kuma tun daga nan warinta ya zame masa abin ƙyama. Kowa ya san haka, amma Ɗantsoho mahauci ne kaɗai ya iya tankawa.

“Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Amma wa ya ga mai tabar? Kowane gida a garin nan ana hura wuta safe da yamma. Ita ma za a hana? Mutum ya wuni bai sa komai a cikinsa ba, ɗan hayaƙin nan ne ke danne masa yunwa, shi ma a ƙwace?”

Aka juya ga liman. Liman ya yi gyaran murya, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun haramta, wasu sun ce makaruhi ce, amma dai barinta ya fi. Kowane ɓangare ya ce liman nasa ne. Aka watse ba a gama ba.

Maganar ta bi gari. A majalisar tasha 'yan kamasho suka ce in aka hana direbobi shan sigari, za su riƙa wucewa su tsaya a gaba, masu fura da masu tsire su rasa ciniki. Mata a wurin daka suka rabu, masu mazan da ke ƙona ɗan abin cefane a sigari suna murna, tsofaffi masu lofe suna tsaki. Wasu har suka fara cewa hayaƙin taba ne ya kori hadari bara. Da aka sake zama, Maigari ya dubi Alhaji, wanda motarsa ce ke ɗauko wa ƙauyen jar dawar agaji daga Gumel, ya yanke hukunci. Ba shan taba a kasuwa, ba a tasha, ba a bakin rijiya, ba a ƙofar gida. Mai so ya shiga ɗakinsa ya rufe.

“To wa zai tsare dokar?” in ji Ɗantsoho.

Kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai son ya ɓata da maƙwabcinsa. Sai Ya'u ya miƙe daga can bayan taro, inda takalman mutane suke.

“Ni zan iya, ranka ya daɗe.”

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya dube shi daga sama har ƙasa kamar yau ya fara ganinsa, da yamma kuma ya aiko masa da tsohuwar kwat ta kaki da usur mai igiya.

Ya'u bai taɓa sanin akwai daɗi irin wannan a duniya ba. Yana tafe, sai ya ga mutum ya dunƙule hannu a bayan riga, hayaƙi na fita ta tsakanin yatsu. Dattijan da ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba suka fara ce masa, “Malam Ya'u, an fito?” Ya kama wani Bafulatani da ya kawo akuya kasuwa, ya sa shi ya taka sigarinsa da ƙafa ba takalmi. Ya ƙwace wa wani makaho ƙullin tabarsa ya watsa a kwata. In ya busa usur, yara sai su sheƙo a guje su ga wa aka kama.

Direbobi ne suka gagare shi. Ranar da ya tunkari wani direban Damagaram da ke jingine da motarsa, mutumin ya saurare shi har ya gama, sannan ya busa masa hayaƙi a fuska, ya ce masa ya je ya kira jandarma, 'yan sandan ƙasarsu. 'Yan tasha suka kwashe da dariya. Ɗan doka ma in ya zo daga Gumel, a kan bencin Maigari yake kunna tasa. Ya'u ya koyi kau da kai in ya hango su, abin kuma yana cinsa.

Ɗantsoho ne ya fara soka masa magana, yana feɗe akuya bai ko ɗago ba.

“Sarkin doka, na ga dokar taka tana da ido. Tana ganin makaho, ba ta ganin direba. Kuma in ta zo ƙofar Inna Laure sai ta yi sallama ta wuce.”

Inna Laure ita ta shayar da Ya'u. Uwarsa ta rasu yana jariri, Laure kuwa maƙwabciya ce mai goyon 'yarta Safara'u, sai ta haɗa su biyu a ƙirjinta. A ɗakinta ya yi rarrafe, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ta tsaya masa da zai auri Rabi. Yanzu ta tsufa, mijinta ya rasu, Safara'u na aure a Sule Tankarkar. Tana zaune ita kaɗai, tana yin daddawa tana kaiwa kasuwa. Tun da haƙoranta suka zube ta bar cin goro ta koma lofe, wani ɗan baƙin lofe na yumɓu mai bakin kara. Kullum bayan la'asar takan zauna a dakalin ƙofarta ta sha, kuma doka ba ta sa ta fasa ba.

Ya'u ya haɗiye maganar mahaucin. Amma da Alhaji ya tsayar da shi a ƙofar masallaci, abin ya wuce haɗiya.

“Ya'u, na ɗauka kai namiji ne. Ina neman mai tsare mini gareji, har na fara tunaninka. Sai nake jin wai akwai ƙofar da ba ka iya tsayawa.”

Ya tafi wurinta da kwat ɗinsa. Ya same ta tana tsince kalwa a faifai.

“Inna, ki riƙa shiga ɗaki. Ana yi mini magana.”

“Ɗakin nan da ya zama tanda? In na kunna a ciki tari ke sarƙe ni.” Ta dube shi ta yi dariya. “Wa ya ba ka wannan rigar? Kamar an rataya wa kara buhu. Zauna in ɗebo maka ɗumame.”

Bai zauna ba. A gida Rabi ta ga fuskarsa ta gane.

“Malam, ka bar Inna. Duk wanda za ka kama ka kama, ban da ita.”

“Ke aka ba usur ɗin ko ni?”

Duk da dariyar da ta yi, Laure ta ji maganarsa. Ta daina zama a dakali. Ta koma shiga ɗaki tana sha tana tari, har maƙwabta na jiyowa. Ya'u ya ga dakalin ba kowa, kuma maimakon ya ji sanyi, sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu, don Alhaji bai sake yi masa zancen gareji ba.

Ranar Talata kasuwa ta ci. Rana ta take, ƙasa ta yi zafin da jaki ma ke ɗaga ƙafa. Laure ta bar wa maƙwabciyarta ƙwaryar daddawa, ta zagaya can bayan rumfunan mahauta, wurin da ba gida ba rumbu sai ƙasusuwa da juji. Ta tsuguna a inuwar wata katanga, ta juya wa kasuwa baya, ta rufe lofen da gefen mayafinta. A nan Ya'u ya gan ta. Ba kowa a wurin sai su biyu. Ta ɗago, ta gan shi, ta yi masa murmushi irin na wanda aka kama yana satar ƙuli a ɗakin uwarsa, ta ɗora yatsa a leɓe.

Ya tsaya. Da ya juya ya tafi, ba mai sani har abada. Ya tuna hayaƙin direba a fuskarsa, ya tuna garejin Alhaji mai ƙofar ƙarfe. Ya sa usur a baki ya busa, ya sake busawa, bai bari ba sai da ya ji gudun ƙafafu.

“Ya'u,” in ji ta a hankali. “Ni ce fa.”

“Doka ba ta san Inna ba,” ya faɗa da ƙarfi, don na baya su ji.

Ya fizge lofen. Bakin karan ya gurje mata dasashi, jini ya fito. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, sannan ya maka shi da katanga. Ya kama ta a hannu ya ja ta zuwa tsakiyar kasuwa, takalminta ɗaya ya zame, ba wanda ya ɗauko mata. Aka aika a kira Maigari, Alhaji ma ya taso daga rumfarsa.

Da a nan abin ya tsaya, da faɗa za a yi mata a sallame ta. Amma wata mata daga cikin taro ta ce, “Ba ita ce ke tsintar kara a bayan gidan Alhaji ba?” Wani ya amsa, “Ita ce. Kullum tana can.” Maigari ya juyo.

“Ya'u, kai kake yawo a gari. Ranar gobara ka gan ta a wurin?”

Ya gan ta. Da sassafe ne, yana wucewa da buhu a ka, tana ɗaure ɗan ƙunshin kara, hannunta ba lofe, har ta ce masa ya yi a hankali da wuyansa. Wuta kuwa sai bayan azahar ta tashi. Ya dubi Alhaji. Wannan karon Alhaji shi yake kallo, shi kaɗai.

“Na gan ta, ranka ya daɗe.”

“Da lofen?”

“Inna ai ba ta rabuwa da shi.”

Kasuwa ta ɗauki ihu. Laure ta buɗe baki, amma muryarta ba ta wuce mayafinta ba. Wani ya harbar da ƙwaryar daddawarta. Wasu suka ce a kai ta Gumel wurin alƙali, wasu suka ce a kore ta daga garin. Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce shi ya yafe, ba zai kai tsohuwa gaban shari'a ba, abin da ya ƙone ya bar wa Allah. Sai dai ya kamata ta zama abin wa'azi. Aka yi ta sa masa albarka.

Ya'u ne ya san yadda za a yi wa'azin. Ya kwaso gutsattsarin lofen ya zuba a wani fasasshen kasko, ya ɗora mata a ka, ya ce ta riƙe. Ya sa ta a gaba suka zagaya kasuwa, daga 'yan hatsi zuwa 'yan tumaki, ƙafarta ɗaya a kan rairayi mai zafi. In ta rage tafiya sai ya busa mata usur a kunne. Yara suka bi su suna tafi suna cewa, “Mai gobara! Mai gobara!” Da suka zo rumfar mahauta ta tsaya ta dubi Ɗantsoho, wanda suka tashi a unguwa ɗaya. Ɗantsoho ya duƙufa a kan wasa wuƙarsa har suka wuce. A gaban 'yan kanwa ta faɗi. Ya'u ya jira ta tashi da kanta, ya miƙa mata kaskon.

Da yamma Alhaji ya aiko aka ce wa Ya'u ya fara kwana a gareji daga ranar.

Ba wanda ya sake sayen daddawar Laure. Abin da ya fi wannan, aka hana ta wuta. A ƙauyen in murhunka ya mutu, maƙwabta kake shiga da kasko ka ɗebo garwashi. Duk gidan da ta yi sallama sai a ce mata tasu ma ta mutu, alhali tana ganin hayaƙi na tashi a madafa. Mai tebur ya ƙi sayar mata da ashana, ya ce kada a ce da hannunsa. Ta koma jiƙa gari a ruwan sanyi tana sha. Rabi ta riƙa kai mata garwashi a ɓoye cikin tukunya, ta rufe da faifai, har ranar da Ya'u ya yi kiciɓis da ita a lungu. Ya karɓi tukunyar ya juye a ƙasa, ya bi garwashin da takalmi yana murjewa.

“In gidan wani ya kama, ni za a tambaya,” in ji shi. “Ki sake, ki tafi gidanku.”

Kafin damina ta faɗi labari ya kai Sule Tankarkar. Safara'u ta zo da amalanken shanu na mijinta. Ta kwashe 'yan tukwane da tabarma da akwatin kwano, ta ɗora uwarta a kai. Laure ta rame, bakinta ya faɗa, tana riƙe da gefen amalanken da hannu biyu. Hanyar fita ta gaban garejin take, Ya'u kuwa yana zaune a ƙofa kan wata tsohuwar taya. Safara'u ta sa aka tsaya, ta sauko.

“Yaya Ya'u, nono ɗaya muka sha da kai.”

“Na sani.”

“Ka rantse ka ga lofe a hannunta ran nan.”

“Ba a gaban alƙali nake ba.”

Ta tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Laure ta yi magana daga kan amalanken, ba tare da ta dube shi ba.

“Safara'u, hau mu tafi, rana na yi. Ba ki ga mutumin yana bakin aiki ba?”

Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kira shi da wani abu ba sai sunansa. Yau ga shi ya zama “mutumin”. Sai aka yi odar mota daga cikin gareji, ya tashi da sauri ya buɗe ƙofa, kafin ya rufe amalanken ya sha kwana.

Da ruwa ya sauka kowa ya koma gona, maganar taba ta mutu ba tare da an soke dokar ba. Ɗantsoho ya ci gaba da kunna sigarinsa a rumfa, ba mai ce masa komai. Wajen kaka wani ɗan kamasho ya zo da labarin Laure ta rasu a ɗakin 'yarta. Aka yi mata addu'a a masallaci bayan la'asar, liman ya ce tsohuwa ce mai haƙuri.

Gidanta ya zauna ba kowa. Ya'u ya je wurin Maigari ya ce ai shi ɗa ne a gidan, a nan ya tashi, kuma zama ya yi musu ƙunci inda suke. Alhaji ya sa baki, aka ba shi ya zauna kafin magada su waiwayo. Ranar da suka tare, Rabi ta tsaya a tsakar gida da kaya a ka ta ƙi shiga ɗakin. Ya'u ya shiga shi kaɗai, ya shaƙi iska, ya fito yana yamutsa fuska.

“Duk bangon nan warin taba yake,” in ji shi. “Gobe ki samo jar ƙasa ki shafe shi. Alhaji ba ya son ya ji wannan warin a jikina.”